Ni Na Juye Bokitin a Kanal

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni. Zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a ƙauyukan Bunkure. Iyayena suna Kumbotso, a nan kuwa ni kaɗai nake zaune a ɗakin bayan asibiti, daga ni sai rediyo. Duk garin mutum ɗaya ce ke zama ta yi hira da ni, wata mai tallan nono daga rugar da ke gangare da mu, ina ce mata Adda. Kullum sai ta tsokane ni wai na iya allura amma ban iya damun fura ba.

Ana tsakiyar cirar tumatir aka kawo mana wani ɗan ƙwadago da amai da gudawa. Na ƙara masa ruwa, Allah ya ba shi lafiya. To amma famfonmu ya kwana biyu a lalace, maganin wanke kaya ya ƙare, mai shararmu ta tafi biki. Ga bokitinsa, ga ledar gado, ga wari, ga mata cike da benci suna jiran awo. Sai na kwashi kayan na zagaya baya, na juye a kanal ɗin noman rani, na ɗauraye. Na ce ai ruwa mai gudu ne, zai tafi da shi. Ya tafi da shi ina? Ni da nake tsayawa duk ranar rigakafi ina ce wa mata kada a yi bahaya kusa da ruwa? Na sani sarai a kanal ɗin su Adda suke wanke ƙorai, yaransu har sha suke yi.

Ba a yi mako ba cutar ta shiga rugar. Autar Adda a hannuna ta cika ina neman jijiya. Da jami'i ya zo daga ƙaramar hukuma ya tambaye ni ko na san inda abin ya samo asali, na ce ban sani ba. Ina jin bakina yana faɗa, ban kuma gyara ba.

Yanzu gari ya gama yanke hukunci, wai nonon Adda ne ya kawo cutar. Ranar kasuwa haka take wuni da ƙwaryarta cike, mata suna janye yaransu in ta gifta. Mijinta ya ce ranar Asabar za su tashi da shanunsu, alhali a nan aka haife shi. Jiya ta zauna a bakin ƙofata ta ce, "Malama, ke kika yi karatun abin nan. Tsakaninki da Allah, hannuna ne ya kashe ta?" Na ce, "Adda, kwana ne ya ƙare." Sai ta ce, "Ke kaɗai ce ba ki guje ni ba."

Wallahi kunya nake ji ko farin kayan aikina na saka. Ba ni da wanda zan gaya wa, shi ya sa na zo nan. In na yi magana aikina zai iya tafiya, kuma na san ba za ta ƙara kallon fuskata ba. In na yi shiru, za ta bar garin nan tana zaton ita ta kashe 'yarta, tana kuma sa mini albarka.

Saura kwana uku su ɗaure kaya. Me zan yi?