Kaza ta kwana a kan rufi

Asabar, 14 ga Maris, 1970. Unguwar Akwatialine.

Ya tashi! Alhamdulillahi, ya tashi. Har yanzu hannuna warin kananzir yake, ko a jikina.

Tun da abokina Isa mai aikin jirgin ruwa ya kawo mini ɗan helikwaftan nan ban huta da bakin mutane ba. In na murɗa akwatin rediyon da ake sarrafa shi da shi sai ya yi ta karkarwa yana zagaye a ƙasa, har 'yan layi suka sa masa suna Kaza. Maƙwabciyata Maame Akosua mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, kullum sai ta ce, "Mai gyaran rediyo, kazarka ba ta yi ƙwai ba?" Na canja batir, na sake waya, duk a banza.

Yau na buɗe cikinsa, sai ga baƙin giris cunkushe a haƙoran giya. Ashe aikin Yaya Dauda ne, bakaniken mota a Magazine, unguwar makanikai. Ko kunya babu ya ce, "Mu a Magazine duk abin da ke juyawa giris muke ba shi." Girisin babbar mota, a giyar da ba ta kai farcena ba!

Na wanke da kananzir, na ɗiga man keken ɗinkin matata, na fiƙe sabon fiffike na gwangwala, marar nauyi.

Bayan la'asar ya ɗaga, ya wuce igiyar shanya. Maame ta saki ludayi tana ihun "Awurade!", wato "Ya Ubangiji!" da yarensu.

Saukarwa ce ban iya ba. Yana can kan kwanon rufinta. Yaya ya ɗauko tsani, na ce a'a, a bar shi ya kwana. Gobe duk wanda ya zo sayen dokunu sai ya ɗaga kai.