Inshorar Ma'aikatan Injin Niƙana Ta Fi Ƙarfina

Zuwa ga Manajan Reshe,
Kamfanin inshorar da ke riƙe da ma'aikatan injin niƙana,
Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara da abokan aikinka. Na ji labarin ƙarin girman da aka yi maka, na kuwa yi murna kamar ɗan cikina aka ba kujerar.

Ni ce Saratu, matar marigayi Yakubu mai injin niƙa a bayan kasuwar Kafanchan. Na rubuto maka kafin wannan ban ga amsa ba, na ce wataƙila takardar ba ta kai teburinka ba. Shi ya sa na ba jarida wannan. Ba don in kunyata ka ba ne, ɗana. Kuka ne na kawo inda na san an taɓa share mini hawaye.

Bari in tuna maka yadda muka san juna. Maigidana ya daɗe yana aikin jirgin ƙasa. Da ya yi ritaya bayan yaƙin basasa, ya haɗa abin da aka sallame shi da shi ya sayi injin. Kafin ya tayar da shi sai da ya je Kaduna ya yi wa ma'aikatansa inshora. Na yi masa faɗa a kan kuɗin, domin ko rufin ɗakin injin ba mu gama ba. Ya ce mini, "Saratu, na ga abin da ƙarfe yake yi wa hannun mutum. Ba zan ɗauki ɗan wani aiki haka kawai ba." Da ya rasu na ci gaba da biya, ko da yake a raina ina ganin asara ce.

A shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, ranar kasuwa, bel ɗin injin ya kama hannun rigar Danjuma, babban ma'aikacina, ya ja shi. Kafin a kashe injin hannun damansa ya lalace, a asibiti aka yanke shi daga gwiwar hannu. Matarsa Ladi tana da tsohon ciki. Ni kuwa sabuwar gwauruwa, ban san ta inda zan fara ba.

Kai aka turo, lokacin kana ƙaramin ma'aikaci. Ka sauka daga jirgi ka wuce asibiti kai tsaye, ka zauna a bakin gadon Danjuma kana karanta masa takardu kana fassarawa da Hausa. Da aka zo sa hannu ya dubi inda hannunsa yake a da, ya juya fuska bango. Kai ka kama yatsan hagunsa a hankali ka dangwala masa. Ka ci tuwon acca a gidana, ka kira ni Mama. Diyya ta fito yadda ka faɗa. Danjuma ya sayi gonar citta a garinsu, ya saya wa Ladi keken ɗinki. Har yau yana wurina, shi ke karɓar kwanukan mata yana tsara musu layi. Yaron da Ladi ta haifa sunanka aka sa masa, yanzu yana gudu a tsakar gida. Tun daga nan ban ƙara kiran inshora asara ba.

To ga abin da ya kawo ni.

Na ɗaya. Takardar sabuntawa ta bana ta zo, kuɗin ya fi ninki biyu na bara. An rubuta cewa saboda an taɓa yin haɗari a wurina. Gaskiya ne, an yi. Amma Danjuma na fitowa asibiti na kira mai walda ya rufe kowane bel da ragar ƙarfe. Na hana aiki da riga mai dogon hannu. Na sa aka mayar da makunnin injin inda mai niƙa zai kai hannu ba tare da ya zagaya ba. Daga ranar zuwa yau ko farce bai fita ba. Babu wanda ya zo daga ofishinku ya duba. Kun tuna da jinin da ya zuba, ba ku tambayi gyaran da aka yi ba.

Na biyu. Da gwamnati ta yi wa ma'aikatanta babban ƙarin albashi, kaya suka tashi a kasuwa, daga gishiri har kananzir. Ma'aikatana ba na gwamnati ba ne, amma kasuwa ɗaya suke ci da su. Na ƙara musu abin da zan iya. Yanzu an ce mini a kan albashi ake lissafa inshora, don haka ƙarin da na yi ya ƙara mini nauyi. Wanda ya danne haƙƙin ma'aikatansa ya fi ni samun sauƙi a wurinku. Ɗana, wannan bai zauna mini ba.

Na uku. Ana so in biya duka a lokaci ɗaya, a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, mace ta zo da ɗan kwanon dawa wanda ko man injin ba zai mayar ba. Sannan sai na rufe wurin na shiga jirgi zuwa Kaduna don in biya, in kwana a gidan 'yan'uwa, in dawo.

Akwai masu injin a nan da Kagoro da Zonkwa waɗanda ba su taɓa yin inshora ba. Suna mini dariya, suna cewa Turawa nake zubar wa kuɗi. Bara injin ɗayansu ya cire wa wani magidanci yatsu, aka ba shi kuɗin mota aka ce ya koma gida. Na yi ta lallashinsu su zo wurinku, har biyu sun fara saurare. Da suka ji kuɗin bana suka ja da baya.

Na tara ma'aikatana na gaya musu halin da ake ciki. Malam Iro, dattijon cikinsu, wanda kakanninsa suka kafa rumfa a kasuwar nan, ya ce a sallame shi don a rage lissafi, tunda yaransa sun girma. Sauran suka ce a'a, a mayar da albashin kowa yadda yake a da. Da suka gama, Danjuma ya ce, "Mama, ki yanke komai, amma kada ki yanke inshorar nan." Na ƙi duka shawarwarin biyu. Ba zan kori mutumin da ya ɗauki gawar mijina ba, ba kuma zan cire abinci daga bakin yaransu ba. In ƙara kuɗin niƙa kuwa, a kan matan da muke zama benci ɗaya a majami'a da matan unguwar Hausawa zai faɗa, na kuma san abin da ke ƙulle a bakin zanensu.

Saboda haka ina roƙonka abu uku. Ka zo da kanka, ko ka turo mai ido, ya ga ragar ƙarfen nan, a sake lissafi a kan abin da aka gani. A yarda masu ƙananan sana'a su biya kashi-kashi, babban kason ya faɗo bayan kaka. A kuma ajiye mana wakili a Kafanchan, ko da ranar kasuwa kaɗai, mai yi mana bayani da Hausa.

Ba kyauta nake nema ba. Na sayar da cittar da na ajiye don makarantar autata, na haɗa abin da ya kai na bara, yana hannuna. Inshorar tana ƙarewa ƙarshen watan nan. Idan ranar ta zo ba mu daidaita ba, zan kashe injin in sa kwaɗo a ƙofa, mata su koma turmi da dutse har Allah ya kawo mafita. Na riga na faɗa wa ma'aikatan, sun ce za su jira ni a gona. Amma babu wanda zai tsaya gaban bel ɗin nan ko na yini ɗaya ba tare da inshora ba.

Ubangiji ya ba ka hikimar riƙe wannan kujera, ya kiyaye ka a hanya, ya raya maka zuriya, ya sa ka gama aiki da gaɓoɓinka cikakku.

Wassalam.

Taka uwa,
Saratu Yakubu,
mai injin niƙa, Kafanchan.