Wayar Birki a Sangere

Zuwa ga Hamma Sa'adu, yayana,

Sallama irin ta gida, da gaisuwar Dada, mahaifiyarmu, da ta duk mutanen unguwarmu, Wuro Hausa. Ina rubuto maka a fili, inda kowa zai karanta, domin ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba tun shekarar da mayaƙa suka shiga Mubi kana can karatu, wayarka ta mutu.

Ka san ni da zaman ɗaki. Malama Rifkatu, wadda muke koyarwa tare a Jimeta, ita ta ja ni Sangere bayan la'asar, wai ɗan yayarta da abokansa za su yi kiɗa a tsakar wani gidan cin abinci. Na bi ta ne don kunya. Ranar zuciyata a cunkushe take, domin Bappa, ɗan'uwan mahaifinmu, ya yanke magana: ran Juma'a za a tara mutane a yi maka addu'ar mamaci. Ya ce jira ya isa. Ni ma na ce to.

Makaɗan nan ba su da suna a gari, Hamma. Ko rediyo bai san da su ba. Jita mai lantarki, ganguna, da wata siririyar yarinya mai waƙa da Hausa tana zamewa cikin yaren Bacama. Kujerun roba sun fi mutane yawa, waɗanda suka zo ɗin ma gasasshen kifi ya kawo su. Amma da suka fara, sai ƙarar janareto ta yi nisa. Jitar tana kurma ihu, sannan ta yi laushi kamar mai lallashin yaro. Rana ta yi ja ta wajen kogi, na manta da lemon da ke hannuna har sanyinsa ya tafi.

Ana tsaka da haka tsirkiyar jitar ta tsinke. Mutane suka yi dariya. Mai jitar bai ji kunya ba. Ya ciro wayar birkin keke daga aljihu, ya warware sili ɗaya, ya kai bakinsa ya lasa daga farko har ƙarshe, sannan ya ɗaura.

Masu ɗaura wayar birki suna da yawa, na sani. Amma mai lasa, kai kaɗai na taɓa gani. Ka tuna bayan ɗakin Dada, inda kake ɓoye jitarka don kada Bappa ya gani? Ina tsokanarka da akuya mai cin ƙarfe, kai kuma kana cewa, "Ido yana ƙarya, Addayel, amma harshe ya san tsatsa." Keken Bappa ya sha rasa birki ba tare da ya san dalili ba.

Da suka tashi na je na tsaya gaban mai jitar, na tambaye shi inda ya koyi lasar waya. Ya ce ya koya ne a tsallaken iyaka, wajen Garwa, lokacin gudun hijira, a hannun wani mai gyaran rediyo, dogo, mai wushirya irin taka, wanda ba ya son a tambaye shi garinsu. Suna kiransa Malam kawai. Sun rabu da daɗewa, bai san inda ya nufa ba. Amma ya tabbatar mini damina ta zagayo bayan harin Mubi kafin su haɗu.

Ka rayu bayan ranar nan, Hamma. Ban san me ka gani ba da ya hana ka hanyar gida, ba kuma zan tambaye ka ba. Ina kewarka, har ina jin haushinka, duk a lokaci guda.

Na faɗa wa Dada tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba, sai rariyar ta tsaya a hannunta. Da safe ta aika wa Bappa cewa a dafa abincin, a tara mutanen, Juma'a tana nan. Addu'ar ce za a canza, a yi ta matafiyi.

Ku da kuke karantawa, in kun san mai gyaran rediyo da ke lasar waya kafin ya ɗaura, ku ce masa ba wanda ke fushi. Ko Bappa ma ya sayar da keken.

Allah Ya tsare ka inda rana ta faɗi ta same ka, Ya sassauta maka abin da kake ɗauke da shi, Ya juyo da fuskarka Yola Dada tana da sauran gani.

Ƙanwarka da ta ce to, ta kuma janye,
Addayel