Wa Ke Shanye Nonon Auta?

Litinin, 3 ga Maris

Kai mai leƙen littafin mutane, tunda ka buɗe, zauna ka cinci wannan: ba shi da baki, ba shi da ciki, ba ya sata, ba ya roƙo, amma yana shanye nonon mai jego. Mene ne?

Kada ka dube ni. Ni na ƙulla ta, amma ni ma ban san amsar ba. Abin da na sani, wani abu a gidan nan yana shanye nonon Auta. Tana ci, tana sha, ƙirjin kuwa kamar an yi shara. Ni da na shayar da shida har ina jiƙa katifa, ta ina 'yar cikina ta gaji fari?

Yau muka kai ɗanta awo, Angona. Wata guda da haihuwa, da ƙyar ma'aunin ya motsa. Nas ta duba bakinsa, ta duba kamunsa, ta ce ba laifi, ta tura mu wurin likita. Shi kuma sai ya koma tambayar zuciya: tana bugawa da sauri? Akwai mai ciwonta a dangi? Har wayoyi aka manna wa Auta, inji ya zana tsaunuka a takarda. Na ce, "Likita, ƙarar nono muka kawo, ba ta zuciya ba." Ya ce maganin na iya taɓa bugun zuciyar wasu, shi ya sa. Ya rubuta, ya ce mu dinga zuwa awo duk Litinin. In yaro bai ɗaga ba, za a ƙara masa madarar gwangwani kan 'yar wadda yake sha. Auta ta sunkuya. Tun tana ƙarama, in za ta yi kuka ƙafarta take kallo.

Talata, 4 ga Maris

Na ɗauki ƙwaya ɗaya na kai bakin taga. Fara ce, ba ta kai rabin ƙwayar wake ba. Na sansana, babu ƙamshi. Na lasa (ba wanda ya gani), ɗaci. To ina ruwan yake a cikinta?

Surukina Mai Gilashi da ya dawo daga gyaran wutar mutane ya karanta min takardar cikin kwalin. Wai asalinta ta tashin zuciya ce, sai aka lura wasu masu shanta nono yana zuwar musu. Wato an aike ta ciki, ta biya ta ƙirji. Na so in ce masa ya yi hankali kada ya haɗiya da kuskure, ba mu da rigar mama daidai shi. Suruki ne, na danne. Na kai wa Auta a kicin, ta yi dariyarta ta farko a makon nan.

Alhamis, 6 ga Maris

Na raba aiki: Auta ta sha magani ta kwanta, ni in riƙe Ango. Nas ta ce a ba shi duk sa'ad da ya nema. To ai ba ya nema. A hannuna yaro ba ya kuka, wannan dangi duka sun shaida. Da ya fara mutsu-mutsu sai in ɗora shi a kafaɗar hagu, in yi ta zarya daga ƙofar kicin zuwa taga, ina bubbuga bayansa, ina yi masa mitar cefanen da bai taɓa kawo min ba. Kafin in gama mitar ya koma barci.

Auta ta leƙo: "Inna, bai tashi ba?" Na ce koma ki kwanta, ki bar abin ya taru. Rijiya ma in aka matsa mata da guga, laka ake tararwa.

Asabar, 8 ga Maris

Na fara bincike. Wayar Auta na fara tuhuma, don kullum tana karanta labarin matan da nasu ke ambaliya, tana ƙara ramewa. Na ɓoye ta a kwandon wanki yini guda. Nonon bai ƙaru ba, faɗa ne ya ƙaru. Na koma kan fanka, na ce iska ke busar da shi, na kashe. Muka yi gumi a banza.

Ƙwayar dai tana wani aiki. Bakin Auta na bushewa, kai na ɗan sara mata. Ina ganin 'yar aiken ta ɓata hanya, ta wuce sama.

Maƙwabciya ta ara mata injin tatsa. Yana numfashi kamar tsohon da ya hau bene. Abin da ya fito bai rufe gindin kwalba ba.

Angona kuwa sona yake. Duk rigar da na sa sai ya jiƙa min kafaɗa, yana goga baki yana tsotsar yadin. Na ce, "Malam, a gaban mutane?"

Litinin, 10 ga Maris

Awo. Ya ƙaru, amma nas ta ce da sauran tafiya. Ta tambayi sau nawa yake sha, Auta ta faɗa, ta ɗaga gira. Auta ta ce, "Ba ya kuka ne, Sista, barci yake ta yi." Nas ta ce kuka ƙarshen roƙo ne, kafin nan yaro ya daɗe yana sallama. Ta ce ƙwayar taimako kawai take yi, sai ana ɗiba jiki yake sanin ana bukata. Ta faɗi wasu abubuwan, ni lokacin hankalina yana kan ma'aunin, ina mamakin yadda faranti ke sanin nauyin mutum. Nas ɗin ma yarinya ce, da ganinta ko rainon 'yar tsana ba ta taɓa yi ba.

A mota Auta ta ce, "Inna, ko ni ce ba a halitta da shi ba?" Na ce ta rufe min baki. Ban sami abin wasa da zan ɗora a kai ba, har muka iso gida.

Laraba, 12 ga Maris

Mura ta kayar da ni. An kai ni ɗakin baƙi, an raba ni da miji.

Alhamis, 13 ga Maris

Ta bango ina jin shi yana tsala kuka. Kafaɗata har ƙaiƙayi take. Auta ba ta iya rarrashi ba, dabara ɗaya gare ta: ya motsa, ta ba shi. Ya yi atishawa, ta ba shi. Za ta ƙarar da ɗan abin da na tara mata. Na yi kira in gaya mata, muryar ta ƙi fita.

Asabar, 15 ga Maris

Auta ta kawo min shayi, idanu sun faɗa don rashin barci. A gaban rigarta akwai jiƙa biyu, zagaye, kamar an ɗora kofi an ɗauke. Na ce, "Ruwa kika zubar?" Ta duba. Ta yi dariya, sai kuma ta zauna a bakin ƙofa ta rufe fuska da hannu.

Mai Gilashi ya ce maganin ne ya kankama, takardar ma ta ce yana ɗaukar kwanaki. Wataƙila. Amma me ya sa ya zaɓi kwanakin da nake kwance? Ko ƙwayar kunyata take ji?

Litinin, 17 ga Maris

Sun je awo babu ni. Tun daga ƙofa na ji muryar Auta ta canza. Likita ya ce a ci gaba da maganin, madarar gwangwani kuma ba za a ƙara ba. Na ce ai dama jikana ne. 

Laraba, 19 ga Maris

Na warke, na karɓi mijina. Na ce wa Auta ta je ta rama barci. Ya fara mutsu-mutsu, na ɗora shi a wurinsa, na kama zarya. Ina wucewa ta gaban madubin falo sai na tsaya, don ban taɓa ganin abin da yake yi a can ba, ji kawai nake.

Ido a rufe, baki a buɗe, yana juya kai dama da hagu. Ya kama yadi ya tsotsa, ya saki, ya kama nasa hannun. Na kai bayan ɗan yatsana kusa da kumatunsa, ya kawo cafka kamar kifi. Na ci gaba da bubbugawa in ga ƙarshen abin. A hankali ya gaji, bakin ya rufe, ya yi barci. Irin barcin da nake yi wa mutane alfahari da shi.

Ashe ba sumba ba ce. Cefane yake nema a shagon da babu kaya.

Na daɗe a gaban madubin. Sannan na buga ƙofar Auta na ce, "Zo ki karɓi mijin nan, kafaɗata ciwo take."

Juma'a, 21 ga Maris

Ƙarya tana da ɗawainiya. Mai Gilashi ya sayo min man zafi, Auta ta dage sai ta shafa min da hannunta. Yana ci kamar barkono, ƙamshinsa har waje. Yanzu ko na so, ba za a ba ni yaro a kafaɗar ba.

Tana shafawa ta ce, "Wace ce ma, Inna? Jiya kamar dama kika dafe." Na ce ciwon tsufa yawo yake. Ta ce, "Allah ya sawwaƙe." Ta ƙara lakato man.

Sabon aikina gadi. Ina zaune kusa da gadonsa, da na ga hannu ya nufi baki sai in ce, "Auta, baƙonki ya yi sallama." Na fi ta saurin gani, wannan kam ba mai ƙwace min.

Litinin, 24 ga Maris

Awo. Nas ta ɗora shi, ta sauke, ta sake ɗorawa. Ta ce, "Kaka, me kuke ba shi?" Na ce ta tambayi ƙwayar. Likita ya ce za a fara rage maganin sannu a hankali, ba a yanke shi rana ɗaya, madarar gwangwanin ma a rage. Auta ba ta kalli ƙafarta ba ko sau ɗaya.

Har yanzu ban gane yadda busasshen abu ke kawo ruwa ba. Ƙwayar dai ta yi nata, ban hana ta ba.

Na wanke man zafin. Yanzu sai ya ƙoshi ake miƙo min shi don ya yi gyatsa. Ɗazu ya yi, ya biyo da tumbuɗi, fari, mai ɗumi, ya gangaro min har baya. Na ce to, yau dai ka kawo cefane. Rigar ban canza ba sai da yamma, wanki ne ya yi yawa.

Kai mai leƙe, in ba ka cinta ba, amsar ita ce kafaɗar kaka. Ta hagu.