Kada Ki Ɗaga Ƙafa Ranar Asabar

Zuwa ga Verlie, hasken da ke fara taɓa kan dutsenmu kafin ya gangaro kwari, ruwan marmaro mai sanyi a tsakiyar zafin yankan taba, furen tuffa na farko bayan doguwar ƙanƙara, mai gogen da ya raba ni da sukuni tun ban san sunan abin da ke damuna ba!

Gaisuwa gare ki mai yawan jajayen ganyen da ke zuba yanzu a hanyar gidanku. Ina fata kina lafiya, kuma gwiwar Mama ta yi sauƙi. Ni lafiyar jiki da sauƙi, ta zuciya ce ke hannunki. Jiya a bakin shago na ji abin da ya zaunar da ni rubuta miki wannan takarda: wai yayanki Doyle ya zo daga birnin Dayton, ya samo miki aiki a masana'anta, kuma ran Lahadi za ki bi shi. Gaskiya ne, Verlie? Idan gaskiya ne, Asabar ɗin nan da za a dafa maɗin takanda a gonar Gwaggo Delphia ita ce zama na ƙarshe da zan yi kusa da ke da banjo, abin kiɗan nan mai tsirkiya biyar, a cinyata. Shi ya sa zan faɗi komai yau, tun da a gabanki bakina ba ya buɗuwa.

Kin san halina tun muna makaranta. Ni ne Arlis da ya kwance agogon babansa don ya ga abin da ke yin ƙara a ciki, ya kuma sha duka da agogon ya ƙi komawa. Ba na iya barin abu sai na san yadda aka yi shi. Na san abin da ke sa zarto ya yi kuka a icen da bai bushe ba, na san dalilin da hazo ke kwana a kwarinmu ya bar na maƙwabta. Ke kaɗai ce na juya ta kowace fuska ban gano ba. Me ya sa kike rufe ido na hagu kawai idan kiɗa ya yi miki daɗi? Me ya sa dariyarki ke zuwa a makare, bayan kowa ya gama tasa? Ya tauraruwar da ke rigan sauran fitowa, wa ya koya miki yin shiru irin wanda ke cika ɗaki?

Ban taɓa gaya miki abin da ya kai ni ga banjo ba. Lokacin da mahaifinki Baba Estill, mai bin gogenki da banjo, ya rasu, Allah ya ji ƙansa, na zo gaisuwa na tarar kina naɗe gogenki a rigar matashin kai za ki ɗora shi kan kabad. Mama ta ce ki bari, kika ce, "Mama, goge ba banjo a bayansa ai kamar mai surutu ne a ɗakin da ba kowa. Baba ya tafi da rabin kiɗan." Ba da ni kike ba, amma a kaina maganar ta sauka. Da safe na hau dutse wajen Gwaggo Delphia, na ce ta koya mini. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi hannuwan nan nawa na mai tsaga katako, ta ce, "Kai da girmanka? To wace ce?" Na ce ba kowa. Ta ce, "Ai kuwa ba kowan nan za ta sha hayaniya."

Ta ɗauko tsohon banjonta daga bango, ta gasa fatar a bakin murhu don damina ta sa ta saki, ta ɗora mini a cinya. Na sa yatsa na ja tsirkiya sama kamar yadda na ga masu jita suna yi. Sai ji na yi an make mini hannu da ludayi. "Wa ya ce ka tsinko ta? Wake ka zo tsinka? Lanƙwashe hannun kamar za ka ƙwanƙwasa ƙofa. Ƙasa ake bugawa, da bayan farce, babban yatsa ya sauka a kan 'yar gajeruwar tsirkiyar. Yatsun kuwa kada su motsa, hannun ne duka zai faɗi." Verlie, kin taɓa jin abin mamaki irin wannan? Kiɗa mai gudu kamar rafi bayan ruwan sama, amma wai yatsu ba sa motsi! Na ce mata ba zai yiwu ba. Ta ce, "Kaza ma da ba ta je makaranta ba haka take tonon ƙasa."

Tun daga ran nan nake ƙwanƙwasa ƙofa. Na ƙwanƙwasa a kan teburin abinci har wake da burodin masara suka huce, na ƙwanƙwasa a gwiwata cikin coci har mai wa'azi ya harare ni. Na tara farcen yatsan tsakiya, ina naɗe shi da tsumma a wurin aiki kada katako ya fasa mini shi. Abokan aiki suka samu abin yi: "Arlis, in aro maka jan farcen matata?" Na ƙyale su, don ba su san ƙofar wa nake ƙwanƙwasawa ba.

A cikin tsirkiyoyin nan biyar, gajeruwar ce ta fi ɗaure mini kai. Ba ta kai ƙarshen wuyan banjo ba, ba yatsan da ke danna ta, murya ɗaya tak gare ta. Sauran su hau, su sauka, su yi yawo, ita tana nan tana maimaita abu guda daga farkon kiɗa har ƙarshensa. Na tambayi Gwaggo amfaninta, ta ce, "Cire ta ka ji." Na cire, sai kiɗan ya zama fanko. Ran nan na gane kaina, ya sanyin idona. Ni ma abu ɗaya zuciyata ta iya faɗa, ko ina jan zarto ko ina cin abinci, kuma sunanki ne.

Kin tuna ranar farko da na zauna da ku a barandarku, bayan Gwaggo ta lallashe ki kin sauko da gogen daga kabad? Ai kin tuna, duk kwarin nan ba wanda ya manta. Na duƙar da kai ina kallon hannuna, gumi na ɗiga daga hancina, ina murna ban ɓace ba. Ashe kin ɗaga ƙafarki daga ƙasa, alamar zagaye na ƙarshe ke nan, kowa ya gani, kowa ya tsaya tare da ke cak. Ni kaɗai na wuce, ina ta bugu cikin shiru kamar mahaukaci. Gwaggo ta ce, "Jama'a sun sauka daga mota, Arlis ya wuce da ita gari na gaba!" Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Taki ta zo a makare kamar kullum, kuma don ita kaɗai ban ji haushin kunyar ba. A hanyar gida Gwaggo ta ce, "Mai banjo ba hannunsa yake kallo ba, ɗan nan. Ƙafar mai goge yake kallo. Ita ke cewa a ci gaba, ita ke cewa ya isa."

Sai kuma kiɗan gidanku, wanda kakanki ya bar wa babanki, shi kuma ya bar miki: Alfadari a Bakin Rafi. Wayyo wannan kiɗa! Duk kiɗan duniya ana zagaya shi daidai, a dawo inda aka fara, shi kuwa yana da bugu ɗaya na ƙari a tsakiya, karkatacce, wanda ke harɗe ƙafar masu rawa. Makaɗan gari idan sun zo sai su yanke shi su miƙe kiɗan, ke kuma ki haɗe rai ki ajiye goge. Na ƙirga shi da yatsu bai fito ba. Na buga shi da ƙafa na yi tuntuɓe. Na roƙi Gwaggo ta rubuta mini, ta ce ita ba ta taɓa ganin kiɗa a takarda ba, kunne aka ba ni don me? Daga ina bugun nan ya fito? Kakanki ne ya yi kuskure 'ya'yansa suka gaje shi? Ko numfashi yake ja a wurin? Da na tambaye ki, kika ce, "Ka kusa, Arlis. Garaje ne ya yi maka yawa."

To, na samo shi, kuma ba a banjo na samo shi ba. Ran nan ina jan alfadarin Gwaggo zuwa gona, muka iso mashigin rafi. Yana tafe ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai ya tsaya. Bai juya ba, bai yi gardama ba, ya dai sunkuya ya shinshini ruwan, sannan ya taka. Na tsaya riƙe da igiya baki buɗe, ruwa na shiga takalmina. Ashe ba abin da ake ƙarawa a wurin nan! Jira ake yi. Kakanki ya ga dabbarsa tana shawara da zuciyarta kafin ta shiga ruwa, sai ya bar mata wuri a cikin kiɗan. Duk wahalar da na sha, ina ƙoƙarin cike wurin ne, alhali cewa aka yi in dakata.

Ga kuma tambayar da ta fi duka cin raina. Asabar da ta wuce, da muka zauna gwiwa da gwiwa kika ja Alfadari a Bakin Rafi, na iso wurin na jira, muka taka tare a karo na farko. Na ɗago kai, na ga idonki na hagu a rufe. Na dubi ƙafarki ina sauraron ta tashi, ba ta tashi ba. Muka sake zagayawa, muka sake, masu rawa suka gaji suka zauna, Mama ta leƙo ta ce kofi ya huce, Gwaggo ta yi gyaran murya har sau nawa, ƙafar nan tana ƙasa kamar an kafe ta da ƙusa. Ke da kowa ya sani ba kya jan kiɗa da tsawo! Me ya hana ki ɗaga ta, Verlie? Kewar Baba ce ta taso miki, kika ji kamar ya dawo? Ko ban kwana kike yi da kiɗan, tun da ke kin riga kin san zancen Dayton? Ko kuwa, ko kuwa, abin da nake tsoron rubutawa ne? Kusan mako guda ke nan ina kwance tambayar nan ina ɗaurawa, ta ƙi komawa kamar agogon babana.

Ba zan yi miki ƙarya ba. A Dayton akwai lantarki a kowane ɗaki, akwai famfo cikin gida, ba za ki ƙara fasa ƙanƙara da safe don ɗibar ruwa ba. Doyle ba mugunta yake nufin ki da ita ba. Ni abin da nake da shi gida ne mai rufin da na gyara da hannuna, da itatuwan tuffa a bayansa, da baranda mai kallon faɗuwar rana wadda kujera biyu za su shiga. Kuma ni ba Baba Estill ba ne. Hannuna yana da nauyi, idan aka sauya ɗaurin tsirkiya sai kowa ya jira ni, har yanzu nakan ɓace a kiɗa mai sauri. Amma gaya mini, a can birnin wa zai tsaya wa alfadarin nan ya shinshini ruwa? Za su miƙe miki kiɗan, ko kuma gogen ya koma rigar matashin kai, kuma wannan ne abin da ba zan iya jurewa ba. Ina son ki, Verlie. Ina so ki zauna, ki aure ni, in tsufa ina bin gogenki a baya ina tambayar ki abubuwan da ba za ki amsa ba.

Na san ke ba mai yawan magana ba ce, ba zan kuma tsare ki a gaban mutane in ce sai kin buɗe baki ba. Ki amsa mini yadda kika saba. Ran Asabar da yamma, idan alfadari ya gama juya injin matsa, aka zuba ruwan takanda a babban kasko, za a ce ki ɗauko goge. Ki ja mana kiɗan gidanku. Idan kika ɗaga ƙafa a inda kika saba ɗagawa, na ji. Zan tsaya tare da ke a bugu ɗaya, ba wanda zai yi dariya wannan karon, ba kuma wanda zai san abin da ya faru. Ran Lahadi ni zan ɗaukar miki akwati zuwa bakin titi, in yi miki addu'a da zuciya ɗaya, ko da zuciyar ta tsage. Idan kuwa kika bar ta a ƙasa har aka sauke maɗin nan daga wuta, to ki gaya wa Doyle ya tafi shi kaɗai, ni kuma in wanke hannu in zo gaban Mama neman aurenki.

Ba sai kin yi sauri ba, ya furen kwarinmu. Ki tsaya a bakin ruwan, ki shinshina, ki yi shawara da zuciyarki. Na koyi jira, a wurinku na koye shi. Farcen ya yi ƙwari, Gwaggo ta gasa fatar banjo, na sa sababbin tsirkiyoyi. Ran Asabar ba zan kalli hannuna ba ko sau ɗaya, ƙafarki zan kalla.

Naki, mai murya ɗaya kamar gajeruwar tsirkiya, ko kin tafi ko kin zauna, har ranar da za a rufe ni a gefen dutsen nan,

Arlis