Keken Baba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara?

Ni lafiya ƙalau. An ɗan rage mana aiki, zaman ɗaki yana cin rai, amma kar Inna ta ji.

Maƙwabcina a nan Turai wani tsoho ne, matattun kekunan hawan dutse yake tsinta a bola ya tashe su, don sha'awa kawai. Sai ya kaɗa wayoyin taya da yatsa, ya kasa kunne, ya ce, "Wannan ce ta saki." Hannunsa akwai albarka. Wurinsa nake wuni yanzu.

Na nuna masa hoton keken marigayi Baba, duk tsatsa. Ya ce, "Barci yake yi."

Don Allah kar a ba 'yan gwangwan. A shigar da shi inuwa, sai na zo.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka