Manjan da Baba Ya Kai Kwatano

Kwatano, 4 ga Maris

Zuwa ga yayata Huefa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba da mutanen maƙera.

Ƙaninki ya zama gwarzo, sai ki fara yi mini ladabi. Tun da aka dawo da kayan kakanni daga Turai, gidan zane da sassaƙa da nake gadi ba masaka tsinke. Layi har bakin titi, kowa na ture kowa. Ranar Asabar ina tsaye kusa da mutum-mutumin ƙarfen nan mai takobi, sai wani tsoho ya tuɓe riga, ya kutsa ta ƙarƙashin igiya da kwalba a hannu. Dama an gargaɗe mu kan masu watsa wa kaya guba. Ban tsaya tambaya ba, na sauke masa kulki a wuyan hannu, na ji ƙashi ya ce ƙas, na ƙara masa a baya. Kwalba ta fashe, jama'a suka ruɗe, har aka tattake wata mata. Abokan aikina suka ja shi waje suna shurinsa. Shugabanmu ya yaba mini a gaban kowa.

Ki gaida Baba da kyau.

Ƙaninki,
Dansu

Abome, 10 ga Maris

Dansu,

Na gaishe ka, don haka aka koya mana.

Ranar Asabar ɗin nan Baba ya hau mota zuwa Kwatano, ni kaɗai ya gaya wa. Ka san kakansa ne ya ƙera mutum-mutumin ƙarfen nan kafin a kai shi Turai, ka kuma san a gidanmu ba a gaida ƙarfe da riga a jiki, ba a zuwa masa hannu wofi. Sama da shekara ɗari ba wanda ya shafa masa manja. Manja ne a kwalbar, gwarzo, ni na ɗura shi da hannuna.

Ya dawo hannun dama a karye, haƙori biyu babu, bayansa duk shatin kulki. Wai daga acaɓa ya faɗo. Mai ɗori ya ce shi da guduma har abada. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ina so in yi maka uzuri. Faɗa mini gaskiya, ka gane shi?

Ka huta lafiya, in za ka iya.

Huefa

Kwatano, 15 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa, kaina a ƙasa.

A duka na farko ban gane shi ba, na rantse. Da ya durƙusa na ga tabon wuta a kafaɗarsa, wanda ya samu ranar da ya fizge ni daga bakin zugazugi. Shugaba yana kallona, mutane ɗari suna kallo. Na ji tsoron a ce uban mai gadi ne. Na biyun ina sane na yi shi. Kada ki gaya masa.

Naki,
Dansu

Abome, 21 ga Maris

Dansu,

Gaisuwa daga Baba, ba daga ni ba.

Na karanta masa wasiƙarka duka. Ya ce ba sabon labari ba ne, tun yana layi ya hango ka cikin kaki, daɗi ya kama shi. Da kulki ya sauka, ya cije leɓe don kada sunanka ya fito a kore ka.

Abu ɗaya yake tambaya. Ya ce tun da kai ne a kusa, ko ɗigon manjan ya taɓa ƙafar ƙarfen?

Ka amsa masa da kanka.

Huefa